Dokta Ladi Kwali da Masu Tara Tukwanenta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira ashirin ya ga matar da wannan maƙala ta ƙudiri aniyar kawo tarihinta, ko da kuwa bai kula da sunanta ba. A fuskar takardar akwai hoton marigayi Janar Murtala Muhammad, idan kuma aka juya bayanta sai a ga wata mata tana aikin ginin tukwane. Wannan mata ita ce Dokta Ladi Kwali, wadda ta rasu a shekarar 1984. Tun daga shekarar 2007 da Babban Bankin Nijeriya ya fito da wannan samfurin takarda, hotonta yake ta yawo daga hannun ɗan acaɓa zuwa na mai ƙosai. A yau takardar ta rasa darajar da take da ita a da, amma tukwanen matar da ke bayanta sai ƙara tsada suke yi.

Abin da ya ja hankalina ga tarihinta tambaya ce guda ɗaya. Mata dubbai sun yi ginin tukwane a ƙasar Gbagyi da Kudancin Kaduna da ƙasar Hausa, kuma babu shakka an yi gwanaye a cikinsu. To me ya sa sunan mace guda ya tsira har ya hau kuɗin ƙasa, na sauran kuwa ya bi su kabari? Amsar farko ita ce gwaninta. Sai dai gwaninta kaɗai ba ta isa ta tsare suna ba, domin tukunya aba ce mai fashewa, kuma maginiyar ƙauye ba ta rubuta sunanta a gindin abin da ta gina. Sai an sami wanda zai sayi tukunyar ya ƙi ɗora ta a kan murhu, ya ajiye ta don kallo, ya kuma riƙe sunan wadda ta gina ta.

A ƙasashen Turai irin wannan dangantaka tsakanin mai fasaha da mai tara kayan fasaha tsohuwa ce. Suna da wani nau'in zane wanda mai zanen yakan jera kayan da ba su da rai a kan tebur, kamar buta da kwano da 'ya'yan itace, ya zauna ya zana su. Ɗaya daga cikin mashahuran wannan fanni shi ne Paul Cézanne, mutumin Faransa da ya rasu a 1906. Ya shafe shekaru ana yi wa zanensa dariya, amma wani ma'aikacin kwastan mai suna Victor Chocquet ya dinga saye yana tarawa, har daga baya wani dillali, Ambroise Vollard, ya shirya masa baje kolin kansa a birnin Faris a 1895. A nan gida Arewa, misali mafi kusa da wannan shi ne na Ladi Kwali. Bambancin kawai shi ne, ita ba ta zana tulu a kan takarda ba, tulun kansa ta gina, sa'annan ta yi zanenta a jikinsa.

Asalinta da Koyon Sana'arta

An haifi Ladi a garin Kwali wajajen shekarar 1925. Garin yana kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, gaba kaɗan da Gwagwalada, kuma a yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Yankin Babban Birnin Tarayya. A lokacin haihuwarta kuwa ƙauye ne a ƙarƙashin masarautar Abuja ta da. Mutanen wurin su ne waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, ko da yake su masu harshen sun fi son a kira su da sunan da suke kiran kansu, wato Gbagyi ko Gbari, kuma ya kamata ɗalibin harshe ya kiyaye da wannan. Sunan nata kansa abin lura ne. Ladi sunan rana ne na Hausa da ake laƙaba wa macen da aka haifa ranar Lahadi, abin da ke nuna yadda Hausa ta daɗe da ratsa wannan yanki, kamar dai yadda za ka tarar da su Talatu da Laraba da Asabe a gidajen Bajju da Atyap da Ham a nan wajenmu. A wasu rubuce-rubucen za a ga an ƙara mata da sunan Hadiza.

A ƙasar Gbagyi ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma a gida ake koyonta. Ladi ta koya ne tun tana yarinya a wajen wata 'yar'uwar iyayenta. Yadda ake ginin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne abin da daga baya ya riƙa tara Turawa suna kallo baki buɗe. Maginiya takan ɗauki curin yumɓun da aka cuɗa da kyau ta aza shi a kan wani abu mai ɗan tudu. Sai ta luma hannu a tsakiyarsa ta yi rami, ta riƙa jawo yumɓun sama da yatsunta daga ciki, ɗaya hannun yana tare shi daga waje. Tukunyar ba ta motsi, maginiyar ce take zagaya ta a duƙe, tana tafiya tana ja. Idan yumɓun farko ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya ta riƙa ɗorawa a baki tana shafewa, har ciki ya buɗe, kafaɗa ta rufe, wuya ya tashi. Babu ma'auni, babu inji, amma idan gwana ta gama za ka rantse da awo aka yi.

Bayan ginin ya sha iska sai a zo ga zane. A nan ne hannun Ladi ya fita daban. Takan raba jikin tulu gida-gida da layuka, ta murza 'yar igiya ko ɗan sassaƙaƙƙen icce a kan ɗanyen yumɓu don ya bar sawu, sa'annan ta ɗauki abu mai tsini ta tsaga siffofin dabbobi a cikin gidajen: kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu. Ba ta zana su yadda ido yake ganinsu a daji, takan baje su ne ta cika cikinsu da ƙananan layuka, yadda siffar za ta bi kumburin tulun ba tare da ta karkace ba. Daga nan sai gashi, wanda ake yi a fili: a jera tukwane, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. A wurare da dama na wannan yanki akan yayyafa wa tukunya ruwan makuba tun tana da zafi, don ta yi duhu ta kuma ƙara ƙarfi.

Tukwanen da ake samu ta wannan hanya kayan aiki ne. Tukunyar girki tana jure harshen wuta ba ta tsage ba, randa kuma tana tsatsafar da ruwa kaɗan-kaɗan ta jikinta, iska ta busar, ruwan ciki ya yi sanyi. Mai karatu ya riƙe wannan batu na sanyin ruwa, za mu komo gare shi.

Sarki da Bature

Mutum na farko da tarihi ya nuna ya tara tukwanen Ladi don kyansu ba Bature ba ne. Sarkin Abuja ne, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Masarautar tasa ta samo asali ne daga sarakunan Haɓe na Zazzau da suka baro Zariya a zamanin jihadi, kuma Abu Ja ne ya kafa garin a 1828. Sulaimanu Barau ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin ya hau gadon sarauta. Ya sayi tukwanen wannan matashiya ta Kwali da dama ya ajiye a fadarsa. A ganina wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a duk tarihinta, kuma shi ne wanda aka fi saurin tsallakewa idan ana ba da labarin. Sarki Musulmi Bahaushe ya dubi aikin hannun wata talakarsa Bagwariya, a zamanin da ba kowa ke ganin irin wannan aiki da daraja ba, ya ga abin da ya isa a ajiye a gidan sarauta.

Kada kuma a ɗauka tara kaya don ƙawa baƙon abu ne a wajen Hausawa. Duk wanda ya shiga ɗakin amarya ya ga jeren kwanuka da tasoshi da tangaran tun daga ƙasa har kusa da rufi, waɗanda ba a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba kuma ba za a zuba ba, ya ga masu tara kayan fasaha. Kafin zuwan kwano ma da ƙore ake yin jeren. Abin da Sarkin Abuja ya ƙara a kai shi ne sanin hannun da ya yi aikin.

A shekarar 1950 wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya iso Nijeriya. An haife shi a 1901, ya koyi sana'a a wajen Bernard Leach a Ingila, ya kuma yi shekaru a ƙasar Gana, a Achimota da Vume, kafin gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi aikin jami'in kula da ginin tukwane. Aikinsa na farko shi ne zagaya ƙasa ya duba yumɓu da magina. A wannan zagaye ne ya shiga fadar Abuja ya ga tukwanen Ladi. Ya zaɓi garin ya zama mazaunin cibiyar horar da magina saboda akwai yumɓu mai kyau da itacen wuta da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki. Cibiyar ta fara aiki a 1952, kuma ɗalibanta na farko duk maza ne. Sai a ƙarshen shekarar 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin. Daga baya wasu matan suka biyo sawunta, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa.

A cibiyar ta koyi gini a kan faifai mai juyawa irin na Turawa, ta riƙa yin kwanuka da kofuna da butocin shayi, tana yi musu zane ta hanyar kankare ruwan yumɓun da aka shafa a jikinsu. Amma Cardew bai hana ta ginin gargajiya ba, hasali ma shi ya fi so. Mutum ne da tun farko ya yarda cewa tukwanen matan ƙauye sun dace da aikin da aka yi su dominsa, ba sa bukatar gyaran Bature. Don haka aka bar ta ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu, tana zagaya su kamar yadda ta saba. Abubuwa uku ne suka sauya. Na farko yumɓun, aka koma wani haɗi mai jure wuta mai tsanani. Na biyu, aka riƙa cusa farar ƙasa a cikin tsagin zanen, sa'annan a lulluɓe tulun duka da ruwan ƙyalli irin na tangaran, ta yadda kunama da ƙadangare za su riƙa leƙowa ta ƙarƙashinsa. Na uku gashi, wanda ya tashi daga fili ya koma cikin ginannen gidan wuta, inda zafi yake haura digiri 1200.

Tulun da ya fito daga wannan wuta abin kallo ne, yana ƙyalli, yana ƙara kamar ƙarfe idan aka ƙwanƙwasa shi, kuma zai iya shekara ɗari bai lalace ba. To sai dai ya yi nauyin da ba mai iya zuwa rafi da shi, ko da matan Gbagyi ne da suka saba ɗaukar kaya a kafaɗa. Kuma tun da ruwan ƙyalli ya toshe jikinsa, ba ya tsatsafa, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Kuɗinsa ma ya fi ƙarfin matar ƙauye. Siffarsa ta tulu ce, amma aikin tulu ya bar shi. Mai sayensa ɗaya ne ya rage, wato wanda zai ajiye shi ya riƙa kallo.

Wannan bai tsaya a kan tulunan Ladi kaɗai ba. Manufar gwamnati ta kafa cibiyar ita ce a samar wa 'yan ƙasa kwanukan tangaran na gida maimakon na shigowa. Hakan bai yiwu yadda aka so ba, domin kwanon ƙarfe mai fenti ya fi araha, ba ya fashewa, daga baya kuma roba ta zo ta rufe kasuwar. Waɗanda suka riƙa tsayawa da mota a Abuja suna saye su ne Turawan gwamnati da na kamfanoni da jami'an jakadanci da ƙalilan daga cikin manyan ma'aikata 'yan ƙasa. Masu tara kaya ne suka riƙe cibiyar, kuma aikin Ladi ne suka fi nema.

Fitarta Duniya

Cardew ya san kasuwar Landan, ya kuma san masu saye. Ya shirya baje kolin tukwanen Abuja a wani gidan sayar da kayan fasaha mai suna Berkeley Galleries a shekarun 1958 da 1959 da 1962, kuma tulunan Ladi ne suka fi ɗaukar ido. An nuna aikinta a bikin samun 'yancin kan Nijeriya a 1960. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta ta yi gini a gaban ɗalibai da malaman fasaha, ta kuma je Faransa da Jamus. A wannan tsakanin ne aka ba ta lambar girmamawa ta MBE ta ƙasar Ingila. Cardew ya yi ritaya a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi a shugabancin cibiyar, amma zumuncinsa da Ladi bai yanke ba. A 1972 suka yi rangadin makonni a Amurka tare da Kofi Athey, maginin da ya biyo Cardew daga Gana, suna bi jami'a-jami'a, Bature yana bayani, ita kuma tana gini.

Ana iya tambaya, wa ya fi cin moriyar wani a tsakaninsu? Masu nazari sun yi ta ja-in-ja a kan wannan. Wasu suna ganin Cardew ya ɗauki fasahar matan ƙauye ya mai da ita kayan adon falon Turawa, ya kuma ƙara wa kansa suna da ita. Wasu kuma suna ganin ba don shi ba da Ladi ta ƙare rayuwarta tana kai tukwane kasuwar ƙauye. Ni dai abin da na lura da shi shi ne, a duk wannan muhawara ana mai da Ladi tamkar yumɓun da wani ya sarrafa, alhali kuwa da ƙafarta ta shiga cibiyar tana babbar mace da ta riga ta yi suna, ta zauna shekara kusan talatin, ta kuma koyar da wasu. A cikin waɗanda suka ɗauki darasi a hannunta har da Magdalene Odundo, 'yar asalin ƙasar Kenya, wadda ta zo Abuja a 1974 kuma a yau tana cikin mashahuran magina na duniya. Wadda aka yi wa dole ba ta yin irin wannan aiki. Ta ga wata sabuwar kasuwa ne ta shige ta da abin da ta iya, ba ta kuma yar da kunamarta da ƙadangarenta don ta faranta wa mai saye ba.

Darasi Daga Ƙasar Nok

Domin a gane girman abin da riƙe suna yake nufi, yana da kyau mu dawo gida Kudancin Kaduna, inda muke da wani aikin yumɓu da ya fi na Ladi tsufa nesa ba kusa ba, wanda shi ma masu tara kaya suka yi rububinsa, amma ta wata fuska dabam.

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Jaba a yau. A 1943 aka sake samun wani kan a yankin Jama'a, nan kusa da Kafanchan. Wani ma'aikacin haƙar ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye, kafin a kai shi Jos ga Bernard Fagg, wanda ya lura da kamannin da ke tsakaninsa da na farkon. Daga nan sunan Nok ya shiga littattafan tarihi. Fagg ne ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, shekarar da cibiyar Abuja ta fara aiki, kuma a wannan gida ne Sylvia Leith-Ross ta tara tukwanen gargajiya daga sassa daban-daban na Nijeriya. Binciken da masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005, musamman a kewayen Janjala ta ƙaramar hukumar Kagarko, ya nuna cewa al'ummar Nok ta faro ne tun wajajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Babu wanda zai ɗora wa masu tara kaya laifin ɓacewar sunayen maginan Nok, zamani ne ya yi nisa. Laifinsu a wani wuri yake. A shekarun 1990, da farashin waɗannan kayayyaki ya tashi a Turai, sai aka shiga haƙa ba ji ba gani a gonaki da duwatsun wannan yanki. Matasa suka riƙa tono suna sayar wa dillalai a kan kuɗi ƙalilan, dillalai suna fitarwa ta ɓarauniyar hanya, duk da cewa dokar ƙasa ta hana, kuma akwai hukumar kula da gidajen tarihi da aka kafa tun 1979. Duk abin da aka tono ta haka ya rabu da ƙasar da za ta ba da labarinsa: ba a san zurfin da aka same shi ba, ba a san abin da ke kusa da shi ba. Abin ya kai ga a shekarar 2000 aka baje wasu gumakan Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, aka yi ta cece-kuce, har daga baya Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, ta riƙe su a matsayin aro na shekara 25.

To a nan ne bambancin yake. Wanda ya sayi gunkin Nok daga hannun ɓarawo ya sayi abu ne ya kashe labarinsa. Wanda ya sayi tulun Ladi kuwa ya saya ne da rana tsaka, daga cibiyar da take aiki, tana raye, kuma da sunanta a jiki. Duk su biyun masu tara kaya ake kiransu, amma bai kamata a zuba su a kwando ɗaya ba.

Ƙarshen Rayuwarta

Gida Nijeriya ma ba a bar ta haka ba. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dokta, ita da ba ta yi karatun boko ba. A 1980 ta sami lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa waɗanda suka yi fice a fagen ilimi da fasaha, a 1981 kuma aka ba ta lambar OON. A waɗannan shekaru ne garin da ta yi aiki a cikinsa ya rasa sunansa, domin bayan da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Mutanen nan uku sun bar duniya kusa da kusa. Sarki ya rasu a 1979, Cardew ya mutu a Ingila a 1983, ita kuma Ladi ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa cibiyar Suleja sunanta, akwai kuma titi mai sunanta a unguwar Wuse ta Abuja.

Dangantakarta da masu tara kaya ba ta mutu da mutuwarta ba. Tukwanenta suna nan a gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan, da gidan fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washington, da Jami'ar Aberystwyth da ke yankin Wales. Waɗanda Turawan da suka yi aiki a Arewa suka tafi da su gida, yanzu 'ya'yansu da jikokinsu ne suke fito da su kasuwar gwanjo, inda tulu guda yake tashi a kan dubban fam na Ingila. A 2022 an yi wani baje koli a Two Temple Place da ke Landan a kan mata baƙar fata masu aikin yumɓu, kuma da aikinta aka buɗe labarin. A watan Maris na shekarar, kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko. Abin da yake damuna a nan shi ne, ɗalibin Kafanchan ko na Zariya da yake son ya tsaya a gaban tulunta ya ƙare masa kallo, da yawa daga cikin mafi kyawunsu sai ya nemi biza. Ba kuma sace su aka yi ba, saye aka yi, a lokacin da masu kuɗinmu suka fi sha'awar tangaran ɗin Ingila da na Sin.

Wanda Allah ya sa ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, ga yadda masu saye suke tantancewa. Ana duba gindin tukunyar ne, inda akan sami hatimi biyu da aka danna tun yumɓu yana ɗanye. Ɗaya haruffa biyu ne na boko, L da K, farkon sunanta. Ɗayan kuma hatimin cibiyar ne, kalmar Abuja da rubutun ajami. Ɗaliban Hausa za su tuna cewa a shekarar 2007 ɗin nan da aka ɗora hotonta a kan naira ashirin, a ita ce aka cire ajami daga ƙananan takardun kuɗi aka maye gurbinsa da boko. A gindin tukwanen kuwa ajamin yana nan, kuma Abujar da yake nufi ita ce ta Sarki Sulaimanu Barau, wadda motocin haya suke kira Suleja a yau.